Shara, Magudana da Duba-gari: Aikin Wa Ne a Ƙasar Katagum?

Duk shekarar da damina ta yi ɓarna a gida, mu mazauna Kurmi abu biyu muka iya: mu haɗa gudummawa, sannan mu zagi “gwamnati”. To amma gwamnati hawa uku ce, kuma wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, sai ya gaji da sallama ba a amsa masa ba. Shi ya sa na tattaro wannan bayani domin ’yan uwa na Sabo Ibadan, Agege, Idi-Araba, Fatakwal da sauran zangonninmu, musamman ’yan ƙasar Katagum masu aika kuɗin gini gida.

Da farko a bambance Masarautar Katagum da Ƙaramar Hukumar Katagum. Ƙaramar hukumar ɗaya ce daga cikin 20 na Jihar Bauchi, hedikwatarta Azare, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kusan 300,000. Shi kuwa tsohon garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, yana cikin Ƙaramar Hukumar Zaki ne, a bakin kogin Jama’are. A zamanin Turawa aka dawo da fada Azare. Haka mutumin Zadawa, ko da Azare yake cin kasuwa, in koke zai kai kan magudana, sakatariyar Misau zai nufa.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma a rubuce yake a Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999. Kwashe shara da ƙazantar masai nata ne. Ginawa da gyaran magudanan ruwa da titunan unguwa nata ne. Haka kasuwanni, tashoshin mota, kwata, maƙabartu da ban-ɗakunan jama’a. Ita ke da ikon sa ido kan gidajen abinci, gidajen burodi da wuraren wanki, har da ba da lasin amalanke da baro da kwale-kwale. Wato harajin da ake karɓa a hannun mai tebur a kasuwar Azare, hakkinsa ne ya ga an kwashe bolar da ke bayan rumfarsa. Wannan tsari ya samo asali ne daga gyaran 1976, lokacin da aka rushe mulkin En’e aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa.

Mutumin da ke riƙe da wannan aiki a zahiri shi ne duba-gari. Ku da ke ƙasar Yarbawa kun san shi da “wole-wole”. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda a zamanin En’e zai shigo gida da farin kaya, ya leƙa randa, in ya ga tsutsar sauro sai tara. Mata kan share tsakar gida tun asuba in an ji yana unguwa. Aikin bai mutu ba, sai dai ya rame. Tun 2002 akwai dokar tarayya da ta kafa majalisar yi wa masu wannan sana’a rajista, kuma sunansu a hukumance jami’an lafiyar muhalli. Suna iya rubuta wa mai gida takardar gargaɗi ya gyara kwatami ko masai cikin wa’adi, in ya ƙi su kai shi kotu. Su ne ya kamata su duba masu sayar da abinci da masu ruwan leda. A ganina, duk shugaban ƙaramar hukumar da zai yi maka alfahari da motar shara, fara tambayarsa duba-gari nawa gare shi, da yaushe rabon da a ɗauki sabo.

A saman ƙaramar hukuma akwai BASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Bauchi, sai NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata kuma gadon gwamnatin Buhari da Idiagbon ce, daga yaƙi da rashin ɗa’a na 1984 zuwa 1985. Legas ta taɓa soke tata a 2016 bayan kotu ta ce ba a da hurumin hana mutane zirga-zirga. Matsalar da nake gani da wannan shara ta wata-wata ita ce, a yashe magudana a tara a bakin hanya, in mota ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi.

Yanzu ga inda ya fi shafar aljihunmu. Garuruwanmu na da, kowace unguwa tana da kududdufi, inda aka haƙi ƙasar gini. Shi ke shanye ruwan unguwa da damina. Da gari ya cika, sai aka shiga cike su da bola ana yanka fuloti, kuma wa ya fi saurin saya? Mutumin Kurmi, da zai turo kuɗi ta waya bai taka wurin ba, ko ya gan shi a watan Maris ƙasa ta bushe ƙayau. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In bai ci gidanka ba zai ci na maƙwabcinka, ga zumunci ya lalace. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni yana hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ita ce izinin gini ba. Kafin ka biya, sa a ɗauko maka hoton filin a watan Agusta, ka kuma tambayi dattawan unguwa mene ne a wurin shekara 30 da suka wuce.

Ambaliyar kogi dabam ce, ta fi ƙarfin ciyaman. Kogin Jama’are daga tsaunukan Jos yake gangarowa, kuma dam ɗin Kafin Zaki da aka daɗe ana maganarsa a kansa har yau bai kammalu ba. Harkar kogin tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama’are mai hedikwata a Kano. A daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, wannan kuwa hanyar tarayya ce. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma a nan shi ne isar da gargaɗin NiMet da NEMA ga mutanen fadama da wuri, da tanadin inda za a tsugunar da su.

Wayar da kai kuwa, a ƙasarmu ba ta tafiya sai ta bi ta fada: hakimi, dagaci, mai unguwa, liman a huɗubar Juma’a, sai sanƙira. An ga haka a yaƙi da bahaya a fili, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangaminsa a 2019. Dass da Warji na cikin na farko a Bauchi da aka tabbatar sun daina, maƙwabciyarmu Jigawa kuma a 2022 ta zama jiha ta farko da ta cimma haka gaba ɗayanta. Ba tara ce ta yi aikin ba. Taron gari ake yi, mutane su zagaya su ga inda ƙazantar take da inda rijiyarsu take, su yanke wa kansu ranar da kowane gida zai haƙa masai.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu kuɗi, jiha ta riƙe a asusun haɗin gwiwa. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar tana jan ƙafa, amma kason kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi wata-wata, kowa na iya dubawa a intanet. Ƙungiyoyinmu na ’yan gida, in an je hutun Sallah, sai a rubuta takarda ga shugaban sashen lafiya ta hannun ciyaman, a ba kansilan mazaɓa kwafi, a ambaci sunan unguwa da magudanar, a kuma tabbatar an buga hatimin karɓa a kwafin da za a dawo da shi.