Ƙurar da Ba a Auna Ba

A Katsina ƙura ba baƙuwa ba ce. Da zarar hunturu ya kama sai ta bi mu har uwar ɗaki, mu yi tari na 'yan makonni, bazara ta zo a manta. Ina jin wannan sabo ne ya hana mu tsoronta. Amma akwai wata ƙurar, wadda ake tayarwa idan aka fasa kwal ko dutse. Tsabar laushinta ido ba ya ganinta, gashin hanci ba ya tare ta, sai ta gangara can ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ya yi ta kokawa da ita, wurin ya zama tabo, huhu ya ƙandare. Bayan shekara goma ko ashirin, ƙato mai sara da diga ya koma ba ya iya zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya hutawa. Ta kwal ita ake kira baƙin huhu, kuma har yau ba ta da maganin warkewa.

Wani zai ce ina ruwan Bakatsine da kwal? An gano kwal a Udi a 1909, haƙa ta kankama a Inugu wajen 1915, kuma da shi jiragen ƙasa suka riƙa tafiya. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, shi ya kwashi audugarmu da gyaɗarmu. Ke nan duk buhun da ya isa bakin teku, akwai numfashin wani mahaƙi a cikin kuɗin dakonsa.

Abin da tarihin ƙasarmu ya riƙe game da mutanen nan rana ɗaya ce: 18 ga Nuwamba, 1949, lokacin da 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a mahaƙar Iva Valley, suka kashe mahaƙa 21 da ke zaman dirshan kan haƙƙoƙinsu. An kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, 'yan kishin ƙasa suka haɗa kai, ranar ta shiga littattafan makaranta. Ta cancanci haka. Sai dai harsashi yana da ƙara, yana da rana, yana da wanda ya harba. Ƙura kuwa takan jira mutum ya bar aiki ya koma ƙauyensu, sannan ta kashe shi da alamomin da kowa zai ɗauka tarin fuka ne.

Ko a ƙasashen da suka riga mu, ba tausayi ne ya kawo doka ba. Ingila ba ta fara biyan mahaƙan kwal diyyar wannan ciwo da sunansa ba sai 1943. A Amurka sai da mahaƙar Farmington ta yi bindiga a Nuwamban 1968, mutum 78 suka halaka, sannan mahaƙa wajen 40,000 suka yi yajin aiki a West Virginia, kafin a yi dokar 1969. Ita ce ta yanka wa ƙura iyaka: miligiram 3 a kowace mita kubik ta iska, aka mayar da shi 2 a 1972, daga baya 1.5 a 2016.

A nan ne darasin da ya fi jan hankalina yake. Dokar ta bar wa kamfanoni ɗaukar yawancin samfurin iskar da za a auna, wato an ba kura ajiyar nama. A 1991 gwamnatin Amurka ta zargi ɗaruruwan kamfanoni da taɓa samfuran. Yawancin zarge-zargen ba su tsaya a gaban shari'a ba, amma amana ta riga ta karye. Shi ya sa tun 2016 ake rataya wa mahaƙi na'urar da ke nuna masa yawan ƙurar da yake shaƙa nan take. Duk da haka ciwon ya sake ɗagowa a yankin Afalashiya, har ga masu ƙananan shekaru, domin kwal mai kauri ya ƙare, injuna suna yankar dutse tare da kwal, ƙurar dutse kuwa ta fi muni.

Kwal ɗin Inugu ya durƙushe bayan jirage sun koma dizal da kuma yaƙin basasa. Ƙurar ce ba ta tafi ba, ta matso kusa da mu. Da farashin zinare ya tashi, mutanen ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a maƙwabciyarmu Zamfara suka riƙa kawo duwatsu cikin gida, ana niƙa su a injin niƙa, ana daka a turmi, yara suna rarrafe a wurin. Dutsen cike yake da dalma. A Maris ɗin 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ta jira kuɗin aikin daga gwamnatin tarayya har farkon 2013. A 2015 abin ya maimaitu a Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Ba dokoki muka rasa ba. Akwai dokar ma'adinai ta 2007, akwai ta biyan ma'aikata diyya ta 2010. Amma an tsara su ne don ma'aikaci mai kamfani da takardar albashi. Mai haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, da mai fasa dutse da guduma a bayan gari, ba su da ubangidan da za a kai ƙara, ba kuma wanda ke zuwa da ma'auni bakin raminsu.

A Shikira an je da shi. Masu bincike tare da MSF sun rataya wa mahaƙa na'urori, suka auna iskar, sannan aka koma fesa ruwa wurin haƙa da niƙa, aka sake aunawa. Dalma da ƙurar dutsen da ke cikin iska suka ragu ƙwarai.