Ƙanjamau da Ƙwaƙwalwa: Tarihin Ɓarnar da Ido Ba Ya Gani



Sunan da Bahaushe ya raɗa wa wannan cuta ya tona abin da idonsa ya fara gani. Ƙanjamau, wato mutum ya rame ya ƙanjame. Wasu ma "kabari kusa" suke ce mata. A haka ta shigo littattafanmu da finafinanmu: tari, gudawa, rama, sai likkafani. Amma tun farkon tarihinta akwai ɓarnar da take yi a cikin ƙoƙon kai, kuma ita ce ta yi saura bayan magani ya kawar da ramar.

A watan Yunin 1981 aka fara ba da rahoton cutar a Los Anjalis ta Amurka. A 1983 masana a cibiyar Pasteur ta Faris suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, wadda daga baya aka kira HIV. Tun a lokacin likitoci sun lura wasu majinyata na yawan mantuwa, tunaninsu ya yi nauyi, tafiyarsu ta koma tangaɗi. Da farko an ɗauka baƙin ciki ne, ko wasu cututtukan da ke samun kafa idan garkuwar jiki ta karye. A 1985 aka samu ƙwayar kanta a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu. A 1986 likitoci uku a Niyok, Bradford Navia da Barry Jordan da Richard Price, suka fayyace alamomin, suka nuna gushewar hankali ce ta musamman da HIV ke jawowa. A shekarar ce kuma Najeriya ta sanar da duniya mutanenta na farko da aka samu da cutar a Legas. Kafin zuwan magani mai ƙarfi, kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda ciwon ya ci ƙarfinsu sukan kai ga wannan hali.

To, ta ina ƙwayar ke shiga? Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tsauri, wanda ke tace duk abin da zai wuce. Duk wanda ya san bakin iyakar Maigatari ranar Alhamis ya san ba kowa ake buɗe wa kaya ba; wanda masu tsaro suka saba da fuskarsa, ɗaga masa hannu kawai ake yi. Haka fararen ƙwayoyin jini suke. Su ne dakarun jiki, kuma suna da izinin ƙetare shingen. Sai HIV ta shige cikinsu, su kai ta ciki da ƙafarsu. Abin ba ya ɗaukar lokaci: wani bincike da aka yi a Tailan, aka wallafa a 2012, ya gano ƙwayar a ruwan laka kwana takwas kacal bayan kamuwa, tun mutum bai san yana ɗauke da komai ba.

Da ta shiga, sai ta samu masauki a wasu ƙwayoyin halitta da ake kira maikurogiliya, waɗanda aikinsu gadi da share dattin ƙwaƙwalwa. HIV takan dasa kundin halittarta a cikin nasu, ta zama ɗaya da mai masaukinta. Su kuwa masu tsawon rai ne, sukan yi shekaru. Maganin da ake sha yana hana ƙwayar hayayyafa ne, ba ya tumɓuke wadda ta riga ta kwanta. Ga shi kuma shingen nan da ya bar ta ta wuce yana rage yawan wasu magungunan da ke bin sawunta. A 2023 masana a Amurka suka tabbatar da samun ƙwayar da ranta a maikurogiliyar mutanen da suka daɗe kan magani har rasuwarsu.

Abin mamaki, HIV ba ta kama ƙwayoyin jijiya da muke tunani da su. Maƙwabtansu take kamawa. Mai gadin da ya kamu yakan yi ta fitar da sinadaran kumburi, ƙwayar kuma na zubar da nata dafin, musamman wasu sinadarai biyu, gp120 da Tat. Gobarar maƙwabci ce ke lasar danga. Sannu a hankali mahaɗan jijiyoyi na tsinkewa, musamman a sassan can ciki masu kula da saurin tunani da sarrafa gaɓoɓi. Shi ya sa alamomin farko ba sa kama da haukan da muka saba rubutawa, na yage tufa da bin bola. Mutum ne zai riƙa jinkirin amsa magana, lissafi ya riƙa kuɓuce masa, saka maɓallin riga ya gagare shi, ya daina kula da abin da dā yake so. Wannan daban yake da cututtukan da ke afka wa ƙwaƙwalwa idan garkuwa ta faɗi ƙasa warwas, irin su sanƙarau na tarin fuka da na fangas, masu zuwa da matsanancin ciwon kai, farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ke buƙatar asibiti nan take.

Magani ya sauya labarin. AZT ya fito a 1987, haɗakar magunguna uku kuma a 1996. Najeriya ta fara shirinta na ƙasa a 2002, aka mayar da maganin kyauta a 2006. Gushewar hankali mai tsanani ta ragu ƙwarai, amma mai sauƙin ba ta tafi ba. A 2007 aka fitar da ma'aunin Firaskati, sunan garin Italiya da aka zauna a kansa, wanda ya kasa matsalar gida uku: wadda gwaji kaɗai ke nunawa, wadda ke ɗan taɓa harkokin yau da kullum, da mai tsanani. Wani babban bincike a Amurka kan mutum 1,555, wanda ya fito a 2010, ya samu kusan rabinsu da wata tawaya a tunani, amma kashi 2 cikin ɗari ne kawai ke da mai tsananin. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma sun wallafa nasu binciken a 2015, suka nuna matsalar na nan tsakanin majinyatan Arewa maso Yamma.

Mu dawo gida. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar. Jigawa na cikin mafiya ƙaranci, kusan mutum uku cikin dubu. Abin godiya ne, amma ciwon da ba a saba gani ba shi ya fi daɗewa ba a gane shi ba. A ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, idan dillalin da ke riƙe cinikin shanu goma a ka ya fara rikita lissafi, zancen sammu ko iskokai ne zai fara zuwa bakin dangi, kafin wani ya tuna da gwajin jini a Babban Asibitin Gumel. Mai mantuwa kuma shi ke manta shan magani. Da ya yi fashi ƙwayar ta farka, mantuwar ta ƙaru. Matafiyin da ke kai-kawo tsakanin Maigatari da Damagaram na iya fuskantar yankewar magani. Wannan ne ma ya sa dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya tayar da hankalin masu jinya a faɗin ƙasar nan.

Akwai wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin gwaje-gwajen tunani a Turai da Amurka aka tsara su, don masu ilimin boko. Dattijon da ya sauke karatun allo zai iya faɗuwa gwajin da lafiyarsa ƙalau, wata kuma ta kasa faɗa wa likita abin da ke damunta don kalma ɗaya ta sani, hauka, kuma ba ta son a jingina mata ita. Tsakanin lafiya da hauka akwai fili mai faɗi da har yanzu ba mu ba shi suna a rubutunmu ba.

Fiye da shekara arba'in ke nan da fara wannan tarihi, kuma abin da ya tabbata shi ne wanda aka gwada da wuri, ya fara magani da wuri, bai yi fashi ba, galibi yakan tsira da jikinsa da tunaninsa. In za mu saka mai ƙanjamau a labari, mu tuna ba lallai ya rame ba. Yana iya zama magidanci mai ƙiba a kasuwar Alhamis, yana ƙirga kuɗi karo na uku, matarsa kuma ta sa masa ƙararrawar shan magani a waya.

Sai mun ji ra'ayoyinku. Mu haɗu mako mai zuwa.