Toka a Cikin Tulu: Abin da Kaburburan Hohokam Suka Faɗa

A wannan makon za mu yi nisan zango, har kudancin jihar Arizona ta Amurka, inda birnin Finiks yake a yau. Tun kafin Bature ya taka yankin, wasu manoma sun shafe kusan shekara dubu a bakin kogunan Gila da Salt, suna haƙa hanyoyin ban ruwa na ɗaruruwan kilomitoci da sanda da dutse, suna noman masara da wake da kabewa da auduga a tsakiyar hamada. Masu tonon kufai suna kiran su Hohokam. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Huhugam ta yaren O'odham, wato magabatan da suka shuɗe. Ba su bar rubutu ba, don haka mafi yawan abin da muka sani game da imaninsu daga kaburburansu aka samo shi.

Mu da muka saba da wanka da likkafani da gaggauta kai mamaci makwancinsa, abin zai yi mana nauyin ji: tsawon ƙarnuka, musamman tsakanin wajen shekarar 750 zuwa 1150, mutanen nan ƙona gawa suke yi. Amma kada mu ɗauka wulaƙanci ne, domin aiki ne mai tsada. A ƙasar da itace ke wuya, sai an tara itace mai yawa kafin wuta ta cinye jikin babban mutum. Idan ta mutu, sai dangi su tsince ƙasusuwan da suka rage, su zuba a tulu ko kasko, ko su sa a ƙaramin rami, a binne a maƙabartar da ke kusa da gidajen zuri'ar. Wurin ƙonawa daban, wurin binnewa daban. Tare da tokar ana samun awarwaron ƙwanson teku da aka yo fataucinsa daga gaɓar Meziko, da tsinin kibau, da tukwane masu jan zane, da wasu 'yan farantan dutse da aka sassaƙa wa gefe. Da yawansu wutar ta lashe su tare da mai su, wasu kuma a farfashe.

Ƙonannen ƙashi ma yana magana. Launinsa, baƙi ne ko toka-toka ko fari fat, yana nuna zafin wutar. Yadda ya tsattsage ya lanƙwashe yana nuna ko da tsoka a jikinsa aka ƙona shi. Nauyinsa kuwa ya fi ba mu mamaki: a kaburbura da dama ƙashin da ke ciki bai kai na mutum guda ba. Nazarin da aka yi a yankin Tucson ya kai masana ga cewa a farkon zamanin rarraba ragowar mamaci ake yi a wurare fiye da ɗaya, daga baya ne aka koma tattara shi a tulu guda.

Daga wajen 1150 al'amura suka juya. Aka daina amfani da filayen wasan ƙwallo da suka haɗa garuruwa, aka fara gina tuddai da gidajen ƙasa masu katanga, irin su Casa Grande mai hawa huɗu. A wannan lokacin ne binne gawa ɗungurungum ya yawaita, musamman a kwarin Salt, alhali ƙonawa ba ta ƙare ba. Gari ɗaya, jana'iza iri biyu. Me ya kawo haka?

A nan masana suka yi ta kai ruwa rana. Frank Hamilton Cushing, wanda ya tona wani kufai a 1887 ya kuma raɗa masa suna Los Muertos, wato matattu da Sifaniyanci, ya ce waɗanda aka binne a cikin gidaje malaman addini ne, talakawa kuma su ake ƙonawa. Harold Gladwin, wanda cibiyarsa ta tona Snaketown a 1934 zuwa 1935, ya tafi a kan cewa wasu baƙi ne da ake kira Salado suka sauko daga arewa da al'adarsu ta binnewa, suka zauna tare da 'yan gari. Emil Haury, da ya koma Snaketown a 1964, shi ma ya daɗe da wannan fahimta. Masanan baya sun rage mata ƙarfi, suna ganin sauyin daga cikin al'ummar ya taso, tare da sabon tsarin mulki da na ibada. A ganinmu Cushing ya yi saurin yanke hukunci, kuma bayanin baƙi ya cika sauƙi. Mutane kan sauya yadda suke sallamar matattunsu ba tare da wani ya ci su da yaƙi ba. Sabon imani kaɗai ya isa.

Sai dai akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi: matattun wa ake tonowa? Littattafai sun daɗe suna cewa Hohokam sun ɓace wajen 1450, alhali Akimel O'odham da Tohono O'odham suna nan da ransu, suna cewa kakanninmu ne. Shekara da shekaru ƙasusuwan kakannin nasu suna jibge a akwatunan gidajen tarihi da lamba a jiki. Sai a 1990 Amurka ta kafa dokar NAGPRA, wadda ta wajabta wa cibiyoyin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su lissafa ragowar mutanen da ke hannunsu, su mayar wa masu su. A shekarar ce Arizona ma ta yi nata dokokin kare kaburbura. Yanzu idan aikin titi ko gini ya ci karo da kabari, sai an tuntuɓi ƙabilun, a miƙa musu su sake binnewa.

Snaketown kuwa, bayan Haury ya gama, an mayar da ƙasa an rufe ramukan. An ayyana wurin a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1972, amma yana cikin yankin al'ummar kogin Gila, kuma ba su buɗe shi ga 'yan yawon buɗe ido ba. A Finiks ma, kufan da aka daɗe ana kira Pueblo Grande an sauya masa suna a 2023, ya koma S'edav Va'aki da yaren masu shi.