Kwale-kwale A Cikin Kabari

Mu da muka saba raka mamaci da likkafani kaɗai, al'adar Misirawan dauri sai ta ba mu mamaki. Su kam har da 'yan kwale-kwalen katako suke binne manyansu. A kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922, an sami guda 35.

To, na mene ne? A Masar kogin Nilu ne hanya, sai suka ɗauka mamaci ma ba ya tafiya sai da jirgi. Ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iska kuwa kudu take kaɗawa. Shi ya sa sukan ajiye iri biyu: mai ƙyalle wanda iska za ta tura kudu, da na tuƙi da hannu mai bin ruwa, don mamaci ya ziyarci Abidos, garin gunkinsu Osiris, ya kuma komo kabarinsa.