Amosanin Jini: Tarihin Ciwon Ƙashi da Lalacewar Ɓargo

Amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, cuta ce ta gado da ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su koma kamar lauje. Idan ƙwayoyin suka toshe ƙananan hanyoyin jini na cikin ƙashi, sai wani yanki na ɓargo ya mutu, daga baya ya warke da tabo. Daga nan raɗaɗin yake fitowa. A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana kiransa sanyin ƙashi, saboda yakan tsananta da hunturu da lokacin marka, kuma akan kai mai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho.

Likitan Saliyo Africanus Horton ya bayyana irin wannan ciwon gaɓoɓi mai tasowa da damina a littafinsa na 1874. A 1910 James Herrick na Chicago ya wallafa siffar ƙwayoyin da aka gani a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa aibin yana cikin sinadarin hemogulobin, a 1954 kuma Anthony Allison ya gano cewa mai rukunin jini na AS, wato mai ɗauke da irin cutar kawai, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan ne ya sa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da irin cutar.

Shaida mafi nauyi daga karkarar Arewa ta fito ne daga Garki, wadda ke cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuma Jigawa. A rahoton da Alan Fleming da abokan aikinsa suka fitar a 1979, kusan jarirai biyu cikin ɗari suna da rukunin SS, wato sikila, amma da ƙyar ake samun mai shi a cikin manya. Yaran sukan rasu tun kafin a san abin da ke damunsu. Saboda haka illar da cutar ke yi wa ƙashin babba ba ta fito fili sosai ba sai da gidan sauro, rigakafi da maganin zazzaɓi suka fara tsawaita rayuwar masu ita.

Illar tana bin shekaru. Jariri kan fara da kumburin hannu da ƙafa daga wajen wata shida. Ƙashin da ɓargonsa ya mutu yana saurin kamuwa da ƙwayar cuta ya yi ruwa, musamman ƙwayar salmonela, kamar yadda Hendrickse da Collard suka ruwaito a yaran Ibadan a 1960. Mafi muni shi ne mutuwar kan ƙashin cinya a kwatangwalo, wadda kan bayyana a ƙuruciya ko farkon girma. Matashi zai fara ɗingishi, ƙafa ɗaya ta gajarta, noma da doguwar tafiya su gagare shi. Mai ɗori ba shi da abin yi a nan, domin ba karaya ba ce. Idan kan ƙashin ya rushe, sai dai tiyatar sauya gaɓar, irin wadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala.

Akwai wata cutar daban da ke cika ɓargo da tabo, wadda Gustav Heuck ya fara bayyanawa a Jamus a 1879. Ita manya take kamawa, ba a gadonta, kuma ba ta da yawa.

A yau mai sikila daga yankin Gwarzo da Kabo kan fara da Babban Asibitin Gwarzo, in abin ya yi tsanani a tura shi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Maganin haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwon. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, ciki har da na rukunin sikila.