Shekara guda a makaranta: tarihin wasu ƴan jarida

Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi. Ga tarihin wasu magidanta, ƴan jarida, da suka ajiye aiki suka koma makaranta.

A ƙasar Amurka an yi wani mai jarida, sunansa Lucius Nieman, a birnin Milwaukee. Ya rasu a 1935. Matarsa Agnes ta bi shi a 1936, ta bar wasiyyar dala fiye da miliyan ɗaya ga jami'ar Harvard, wato wata babbar makaranta ta ƙasar. Ta ce a yi amfani da kuɗin don kyautata aikin jarida.

Shugaban jami'ar, James Conant, bai buɗe sabuwar makarantar koyon jarida ba. Shawarar da aka yanke ita ce a riƙa gayyato waɗanda suka riga suka san aiki, su zauna shekara guda. Ana ba su kuɗin ci da na gida. Babu jarrabawa. Kowa ya shiga ajin da yake so: tarihi, shari'a, tattalin arziki ko kimiyya. Dalili kuwa, mai ba jama'a labari kullum yana cikin gaggawa, ba ya samun lokacin zurfafa sani.

An fara a 1938 da mutum 9. Ɗaya daga cikinsu, Louis Lyons, shi ya riƙe shirin daga 1939 har 1964. A zamaninsa aka karɓi mata a 1945, aka kuma fara karɓar baƙi daga wasu ƙasashe a 1951.

Ga ƴan Afirka ta Kudu, wannan shekara ta zo da tsada. A lokacin, Turawa ƴan tsiraru ke mulkin wariyar launin fata a ƙasar. Wani saurayi, Nat Nakasa, wanda ya yi suna a mujallar Drum, ya samu gayyata a 1964. Gwamnati ta hana shi fasfo. Takardar fita kawai ta ba shi, bisa sharaɗin ba zai sake dawowa ba. Ya yarda, ya tafi. Ya yi karatunsa, amma kewar gida ta dame shi ƙwarai. Ranar 14 ga Yuli 1965 ya faɗo daga wani dogon bene a birnin New York, ya rasu yana da shekara 28. Sai a 2014 aka mai da ƙasusuwansa gida, aka rufe su a Durban.

Percy Qoboza kuwa ya samu komawa. Shi ne editan jaridar The World, wadda baƙar fata ke karantawa. Ya je Harvard a 1975, ya zauna inda babu dokar da ta raba masa wurin zama da Bature. A 1976, shekarar da ya koma, ƴan makaranta suka yi bore a Soweto, ƴan sanda suka harbe da yawa. Jaridarsa ta buga labarin da hotuna, duniya ta gani. Ranar 19 ga Oktoba 1977 gwamnati ta rufe jaridar, ta tsare shi wajen wata biyar ba tare da shari'a ba.

Bayansa Zwelakhe Sisulu ya je a 1984. Da ya dawo ya kafa jaridar New Nation a 1986, aka tsare shi shekara biyu. Da mulkin wariya ya faɗi a 1994, shi aka ba shugabancin rediyo da talabijin na ƙasar.

Ku duba fa: makaranta ɗaya ce, shekara ɗaya ce. Wanda aka rufe wa hanyar gida, mutanensa ba su ci moriyar karatunsa ba. Waɗanda suka dawo sun sha ɗauri, amma alƙalaminsu ya yi wa jama'arsu aiki. Shi ya sa azzalumar gwamnati ta gwammace mai ilimi ya tafi, kada ya dawo.