Gidan masana'anta a Amurka: yadda ake zaɓen maƙeri da inda tarkon bashin yake

Kimanin mutum miliyan 22 ne a Amurka ke zaune a gidajen da ba a gina su a kan filinsu ba. A masana'anta ake ƙera su ɗungurungum, da ɗakuna da kicin da bayan gida da wayoyin lantarki, sannan babbar mota ta ja su zuwa inda za a girke su. Wani gidan ɓangare ɗaya ne, wani kuma ɓangare biyu ne da ake haɗewa bayan an iso. A shekarar 2023, matsakaicin farashin sabon gida irin wannan bai wuce dala 124,000 da 'yan kai ba, ban da kuɗin fili. Idan aka auna da faɗin ɗakuna, kusan rabin kuɗin gidan da magina suka gina a wurinsa ke nan. Shi ya sa ya zama mafakar leburori da 'yan fansho da mazauna karkara.

Sai dai arahar tana yawan tsayawa a ƙofar masana'anta. Abin da mai saye zai biya a ƙarshe ya fi rataya a kan abu biyu: wane ne mai filin da gidan zai zauna a kai, kuma wane irin bashi aka ci.

Shaidar inganci

Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar ingancin waɗannan gidaje a 1974, ƙa'idojin kuma suka fara aiki ranar 15 ga Yuni, 1976, a ƙarƙashin Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wadda aka fi sani da HUD. Duk gidan da aka ƙera bisa ƙa'ida yana ɗauke da jan allon ƙarfe ɗan ƙarami a jikin kowane ɓangare ta waje. A ciki kuma akwai takardar bayanai, galibi a kabad ɗin kicin ko kusa da akwatin wutar lantarki, mai ɗauke da sunan masana'anta da ranar ƙira da yankin da aka yi gidan dominsa.

Wannan batu na yanki ba ƙarami ba ne. Bayan guguwar Andrew ta ragargaza kudancin Florida a 1992, an tsaurara ƙa'idojin jure iska a 1994, ƙasar kuma tana kashi uku gwargwadon ƙarfin iskar da ake fuskanta. Gidan da aka ƙera domin tsakiyar ƙasa bai dace a girke shi a bakin teku ba.

Kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar: Clayton Homes da Champion da Cavco, kuma Clayton kaɗai na ƙera kusan rabin sababbin gidajen. Tunda dukkansu ƙa'ida ɗaya suke bi, bambancin ya fi fitowa a wajen dillali da mai girkawa. Gidan da aka ɗora a kan harsashin da bai daidaita ba zai fara tsagewa, ƙofofinsa su ƙi rufuwa, daga nan sai masana'anta ta ɗora laifi a kan mai girkawa, shi kuma ya mayar mata. Akwai tsarin sasanta irin wannan rikici a ƙarƙashin HUD, amma sai an kai ƙorafin aibin cikin shekara ɗaya da girka gidan. Mai saye mai lura yakan nemi garanti a rubuce, ya tabbatar mai girkawa na da lasisi, ya kuma ɗauko nasa mai duba gini wanda ba dillali ne ke biyansa ba.

Gida ne ko mota?

A yawancin jihohi, takardar mallakar da ake fara bai wa irin wannan gida tamkar ta mota ce. Doka na kallonsa a matsayin kadara mai motsi, ko da kuwa ba zai sake motsawa ba har ya tsufa. Daga nan bashi ya rabu gida biyu. Wanda ya mallaki fili, ya kafa gidan a kan harsashi na dindindin, ya kuma sauya takardarsa ta koma ta gida da fili, yana iya samun bashin gida na yau da kullum. Wanda bai yi haka ba, sai bashin kadara mai motsi.

Rahoton da hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta fitar a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 42 cikin 100 na basussukan sayen waɗannan gidaje na rukuni na biyu ne. A alƙaluman 2019, tsaka-tsakin kuɗin ruwansu kashi 8.6 ne, na rukunin farko kuwa kashi 4.9. A bashin dala 100,000 na shekara 20, wannan tazara ta kai kimanin dala 220 a kowane wata, wato sama da dala 52,000 kafin a gama biya. Ƙari a kan haka, wasu dokokin da ke kare mai cin bashin gida ba su shafi wannan rukuni ba, kuma a jihohi da dama ƙwace gidan ya fi sauri idan aka gaza biya. Abin takaicin shi ne, har masu filin kansu da yawa suna faɗawa cikinsa, domin shi ne ya fi saurin fita, shi ne kuma dillali ke miƙowa a kan teburi.

A nan ne sunan Clayton ke sake fitowa. Kamfanin Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett ya saye shi a 2003 kan dala biliyan 1.7. Clayton na ƙera gida, yana da shagunan sayarwa, kuma manyan masu ba da bashin wannan fanni guda biyu, Vanderbilt Mortgage da 21st Mortgage, nasa ne. A 2015, jaridar Seattle Times da cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta Center for Public Integrity sun wallafa bincike da ya zargi kamfanin da tura masu saye zuwa basussukansa masu tsada. Kamfanin ya musanta, Buffett ma ya kare shi a gaban masu hannun jari. A Janairun 2025 CFPB ta maka Vanderbilt a kotu bisa zargin bai wa mutane bashin da alamu suka nuna ba za su iya biya ba. Bayan sauyin gwamnati, hukumar ta janye ƙarar a ƙarshen Fabrairu, ba tare da kotu ta yanke hukunci a kan zargin ba.

Babu dokar da ta tilasta wa mai saye karɓar bashi daga hannun wanda dillali ya nuna masa. Yana da damar tuntuɓar banki ko asusun bashi na haɗin gwiwa, ya tambayi tsarin da hukumar FHA ke tsaya wa, ko shirin MH Advantage na Fannie Mae da CHOICEHome na Freddie Mac, kafin ya taka shagon dillali.

Gidanka, filin wani

Miliyoyin mutane sun mallaki gidan amma suna hayar filin, a unguwanni sama da 40,000 da aka keɓe domin haka. Kwashe gidan na cin dubban daloli, tsohon gida kuma ba lallai ya jure hanya ba, saboda haka idan mai fili ya ƙara haya, mazauni ba shi da wurin gudu. Manyan kamfanonin zuba jari sun gane wannan, suka yi ta sayen unguwannin, ƙorafin tsadar haya kuma ya biyo baya. Kafin sa hannu, tsawon yarjejeniyar haya da iyakar ƙarin da aka yarda da shi da makomar mazauna idan aka sayar da unguwar sun fi launin kabad muhimmanci.

Wasu mazauna sun bi wata hanya. A 1984, iyalai a garin Meredith na jihar New Hampshire suka haɗa kai suka sayi filin unguwarsu da bashin wani asusun raya al'umma na jihar. Ƙungiyar ROC USA, wadda aka kafa a 2008, ta yaɗa tsarin zuwa wasu jihohi, kuma yanzu unguwanni sama da 300 ne a cikinta, inda mazauna ke zaɓen shugabanninsu su kuma yanke kuɗin haya da kansu.